Yadda Fatar Idona Ta Kusa Kashe Auren Ɗana

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, bayan la'asar, da na tsaya a gaban dattawa ina riƙe da fatar idona da yatsu ina ta rantse-rantse. Shekarata hamsin da shida a lokacin. Ni makanikin tarakta ne, kuma daga Gadarif har gonakin Gedambaliya babu direban da bai san ni ba (wasu don gyara, wasu don faɗa). Ina da baki, wannan kam ban taɓa musu ba.

Abin ya fara ne da ɗan rawar ido, na hagu. Yaya Kaltume, babbar yayata, wadda ta dawo gidana tun rasuwar matata don ta riƙe ni da ɗana Bashir (ta kuma riƙe mu da gaske), ta dube ni ta ce, "Auta, ido na rawa, baƙo za ka gani." To, baƙi kam an gan su. A shekarar ne yaƙi ya ɓarke, mutanen Khartum suka kwararo mana, na Madani suka biyo baya, har makarantu suka cika da iyalai. Na ce, "Yaya, baƙin sun iso, a gaya wa idon ya huta." Bai huta ba.

Daga rawa ya koma ƙiftawa, na dama ma ya shiga sahu. Daga ƙiftawa ya koma damƙewa: ina kwance a ƙarƙashin tarakta da sifana a hannu, sai idanun biyu su rufe gam, fuskata ta tattare, in yi ta jira sai sun ga dama su buɗe. Rana tana tayar da shi, iska tana tayar da shi, amma babu abin da ke haukata shi irin jin kunya ko ɓacin rai. Na sa kwalli, na sha rubutu, na ɗora ganyen shayi mai sanyi, na sayi baƙin tabarau har direbobi suka fara ce mini jami'in tsaro. Asibiti ne kawai ban je ba. A ganina asibiti na marasa lafiya ne, ni kuwa lafiyata ƙalau, idona ne ba ya jin magana.

Ana cikin haka Bashir ya ga yarinya. Shi kaɗai Allah ya ba ni, yana tuƙa raksha, irin keken nan mai ƙafa uku, kuma yaro ne da bai taɓa roƙona komai ba. Tun da uwarsa ta rasu ban ƙara ganin haƙoransa a dariya ba sai da ya haɗu da Nafisa. Ubanta, Ustaz Abdulƙadir, Bahaushen Madani ne, tsohon malamin makaranta da ya baro gidansa na bulo da jaka ɗaya a hannu. A Gadarif wani ɗan'uwansa ya ba shi bukka biyu da rumfa a bayan gida.

Ranar da na fara zuwa gaishe su na ci ado, jallabiya fara sol, rawani, turare. Na cire tabarau don ladabi. Muka zauna a rumfa, ana hira lafiya lau, sai mahaifiyar yarinyar ta fito da jabana, kofin nan namu mai citta, ta durƙusa ta ajiye, ta ɗago ta gaishe ni. A daidai nan idon hagu ya ga lokacinsa ya yi. Ya kanne mata. Ba sau ɗaya ba, sau uku, a jere, a gaban mijinta, ni kuma gwauro. Baiwar Allah ta ja mayafinta ta shige ciki ko tire ba ta ɗauka ba.

Da wani mai hankali ne, nan take zai ce, "Ku yi haƙuri, ciwon ido gare ni." Ni sai na yi tari na fara yabon kofi. Ustaz ya daure ya ci gaba da magana, ya shiga ba ni labarin yadda suka fito daga Madani, kwana uku a hanya, a bayan babbar mota. Ya kai wurin da ya fi zafi ke nan idanuna biyu suka damƙe, kumatuna suka tattaro sama, kai ka ce dariya nake dannewa. Da suka buɗe na tarar yana kallona. Ya ce, "To, Abu Bashir, za mu yi shawara. Ku dawo bayan wata ɗaya."

Kwana biyu Bashir bai ci abincin kirki ba. A na uku ya same ni a garaji, ya tsaya yana wasa da makullin raksharsa, ya ce, "Baba, Nafisa ta ce babanta ya ce ba zai ba da 'yarsa gidan da ake raina shi ba. Kuma wani ɗan'uwansu daga Showak ya turo." Sannan ya ce, "Don Allah ka je asibiti." Wallahi na ji kamar in nutse. Shekara ashirin da bakwai, roƙonsa na farko ke nan, kuma wai in je in gyara fuskata ne.

Washegari na je wani ɗan asibitin ido kusa da kasuwa, wurin wata likita da ita ma yaƙi ya koro daga Khartum. Ta haska, ta duba, ta sa na rufe na buɗe, ta ce idon kansa lafiya lau yake, naman da ke kewaye da shi ne ke damƙewa ba da izinina ba. Ta ce akwai magani, allura ce ƙanana da ake yi a gefen fatar ido, sunanta botulinum, tana sassauta naman ya daina fizga. Bayan 'yan kwanaki take fara aiki, ta yi kamar wata uku, sai a sake.

Na ce, "Daktora, tsaya. Ba ita ce allurar da matan Khartum ke yi a goshi don kada tsufa ya nuna ba?"

Ta ce, "Ita ce, Baba. Amma kai don idonka za a yi maka."

Nan fa gumi ya karyo mini, kuma dole in gaya muku dalili. Akwai wata bishiya a bakin garajinmu inda mai shayi ke zama, nan muke taruwa da safe ni da abokina Haj Musa mai sayar da taya da sauran 'yan zaman gulma (mu muna kiransa shan shayi). Tun da baƙi suka zo, babu wanda ya kai ni yi wa wannan allura ba'a. Ni ne mai tashi tsaye in sandare fuska in kwaikwayi matar da aka ce mata an yi rasuwa amma goshinta ya ƙi motsi. Har mazan da ake cewa suna yi ban bari ba. Haj Musa yakan yi dariya har ya ƙware, ya ce, "Ya zol, kai mutumina, sake yi, sake yi!" Ni kuwa in sake. Ban taɓa ganin allurar da idona ba, ban san kowa da ya yi ta ba, amma na fi kowa sanin hukuncinta.

Na ce wa likita na yarda, da sharaɗin kada kowa ya ji. Ta ce ita likita ce, ba mai shayi ba. Aka jira kwana goma sha biyu kafin maganin ya iso, don sai a cikin sanyi ake kawo shi. Ranar da za a yi na ja rawani har gira, na zauna a lungu ina addu'ar kada Allah ya kawo wanda ya san ni. Allurar kanta ba ta kai cizon cinnaka ba, 'yan tsirare a kowane ido, an gama. Ta rubuta mini takarda, ta kuma ɗaga yatsa ta ce, "Abu ɗaya, Baba. Kada ka murza wurin, kada kowa ya shafa maka komai, yau da gobe. In aka murza, maganin zai iya gangarawa inda ba a aike shi ba, fatar idon ta sauko." Na ce, "Tamam, na ji." Na ninke takardar na cusa can cikin aljihu.

Ina shiga gida Yaya Kaltume ta tare ni a tsakar gida. Matar nan ba ta ganin zare a allura, amma ɗigon ja a fuskar ƙaninta daga ƙofa take hango shi.

"Auta, mene ne wannan a idonka?"

Ga dama ta biyu ta faɗin gaskiya. Na ce, "Rina ce ta harbe ni a garaji."

"Rina? Ido biyu? A jere haka?"

"Su da yawa ne, Yaya."

Ta yi salati ta shige madafa. Duk ɗan Gadarif ya san abin da zai biyo baya. A garin nan, in kanka na ciwo man riɗi, in ƙirjinka ya kama man riɗi, in ka faɗo daga mota ma kafin a kira likita an shafe ka da man riɗi. Na Yaya kuwa ba na kanti ba ne, na matsar raƙumi ne, wanda take ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Ta ɗumama shi a cokali, ta zauna a tabarma, ta buga cinyarta ta ce, "Kawo kan."

Na ce, "Yaya, bar shi, zai warke da kansa."

"Dafin rina ne zai warke da kansa? Kwanta, kada ka sa ni magana."

To me zan ce? In ce likita ta hana, ta ce wace likita, in ce ta allura, ta ce wace allura, kafin magariba maƙwabta sun ji, kafin safiya an kai wa Haj Musa. Na auna mutuncina a gindin bishiya da gargaɗin likita, na ga mutunci ya fi nauyi. Na kwanta. Yaya ta sa manyan yatsunta, waɗanda suka shekara hamsin suna tuƙa tuwo, ta murje mini idanu sama da ƙasa, ciki da waje, tana tofi. Da yamma ta sake. Washegari ta ƙara, don a wurinta magani sai an yi uku.

Kwana huɗu bayan haka fizgar ta tsaya cak. Na yi murna har na yi wa yaran garaji kyautar shayi. Bayan wasu kwana biyu kuma, na tashi da safe na ji kamar an rataya mini labule. Fatar idon hagu ta sauko ta rufe kusan duka, ta dama ta tsaya a rabi. Na yi ƙoƙarin ɗagawa, ko gezau. In ina son ganin mutum sai na ɗaga haɓa sama na leƙo shi ta ƙasa, in na sauke kai kuwa sak mai barci. Na ruga wurin likita. Ta dube ni, ta ce, "Wa ya murza?" Na ce rina. (A'a, wannan karon na faɗi gaskiya, ta kuwa wanke ni tas.) Ta ce zai koma daidai, amma sai an yi makonni, babu abin da zai sa ya tashi kafin Juma'a.

Juma'ar kuwa ita ce cikar watan da Ustaz ya ɗiba. In na ce a ɗaga, ya tabbata raini ne, na Showak ya samu hanya. Don haka muka tafi: ni, limamin unguwarmu, Haj Musa, da wasu dattawa biyu. Bashir ya kai mu a raksha sawu biyu, ya tsaya can bakin layi yana jira. A hanya Haj Musa ya ce, "Lafiya idonka?" Na ce barci ne bai ishe ni ba.

Ku dubi yadda na shiga gidan mutumin nan. Rumfar gajeriya ce, an rufa ta da kara da wani yagaggen tanti na agaji. Ni kuma don in ga inda zan taka, na ɗaga haɓa, hanci a sama, idanu a lumshe, na shigo ina bin rufin da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ustaz ya miƙo hannu, ban gani ba, don hannun yana ƙasa ni kuma ina sama. Sai da Liman ya zungure ni na lalubo hannun.

Aka zauna. Na ce bari in sauke kai don ladabi. Liman ya yi jawabi mai daɗi, Ustaz ya fara amsawa, yana cewa shi baƙo ne a garin nan, ba shi da komai sai tarbiyyar 'ya'yansa. Ni ina jin kowace kalma, har ƙirjina na zafi, amma abin da jama'a ke gani shi ne uban ango ya yi barci. Haj Musa ya taka mini ƙafa. Na zabura na ɗaga haɓa, na leƙo Ustaz ta saman hanci, daga rawaninsa har silifas ɗinsa, don in tabbatar shi ne ke magana.

Ya ajiye kofinsa a hankali ya miƙe tsaye. Ya ce, "Malam Liman, ku gafarce ni. Wancan karon mutumin nan ya kanne wa iyalina ido a gabana, na daure. Na ba shi labarin fitowarmu, ya yi dariya, na daure. Yau ya zo yana ƙirga ramukan rufina, ina magana yana barci. Na san ba ni da gida. Na san tantin nan ba nawa ba ne. Amma shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane, ba wanda ya taɓa dubana haka. Nafisa ba ta rasa mai so ba. Halas, shi ke nan, maganar nan a bar ta."

Na sa yatsa na ɗaga fatar ido ɗaya, sai na hango ta ƙofar zana raksha a bakin layi, Bashir zaune a ciki ya haɗa kai da sitiyari. Wallahi a nan ne tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na miƙe, na sa yatsu biyu na ɗage fatun idon duka, gwiwar hannu a sama, na ce, "Ustaz, don girman Allah zauna. Ciwo gare ni. Shekara biyu idona na damƙewa ba da sona ba, shi ya kanne wa Hajiya, ba ni ba. Na je an yi mini allura don in zo gabanka da mutunci, Yaya ta murje da man riɗi, fatar ta sauko. Rufinka kuwa wallahi ban ga rami ko ɗaya ba, hanya nake nema."

Sai Haj Musa ya yi caraf, Allah ya saka mini. Ya ce, "Allurar me?"

Na ce, "Ta ido."

"Wace ta idon?"

Na ce, "Wadda ake yi a goshi."

"Ya zol, ɗaga murya, Liman bai ji ba."

Na ce, "Ta matan Khartum! Ita! An yi mini, guda biyar-biyar!"

Daga bayan zana, inda mata suke laɓe suna saurare, wata ta fashe da dariya, sauran suka bi. Haj Musa ya kife a kan tabarma yana dukan ƙasa. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da idanu, ba damar in saki in rufe fuska, ba damar in zaro takardar likita. Sai na ce takardar na aljihuna, Liman ya sa hannu ya ciro ta.

Ustaz kaɗai bai yi dariya ba. Ya sa tabarau ya karanta takardar tun daga sama har sa hannu, irin karatun malamin da ke duba jarrabawa. Ya ninke ta ya zauna. Sannan ya ce, "Abu Bashir, me ya hana ka faɗa tun ranar farko? Wata guda ke nan ina kwana ina tashi da maganar nan. Na ɗauka duk garin haka ake kallonmu, kai ne kawai ka kasa ɓoyewa. Ko masallacin unguwa na daina zuwa, ina tafiya na nesa."

Dariyar ta mutu a wurin. Ni da na zo ina tsoron a ce na yi allurar mata, ashe wani bawan Allah ya yi wata guda yana zagaye masallaci saboda ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba irin wadda ake ba da labarinta a yi dariya ba ce. Na ce, "Ka yafe mini, Ustaz." Sai mahaifiyar Nafisa ta yi magana daga bayan zana, ta ce, "Yayana ma a Madani ya yi shekaru ana yi masa ita, duk bayan wata uku. Da ka tambaya ai da mun gaya maka ba a murzawa."

Aka ba mu Nafisa a ranar. Da Liman ya ce a ɗaga hannu a yi fatiha, dole na saki fatun idon suka faɗo, kuma a duk wannan wata shi ne karon farko da rufe idona ya dace da wurin da nake. Aka kira Bashir ya ji labari, da muka hau raksha ya ce, "Baba, ka riƙe ƙarfe da kyau, ni zan duba mana hanya."

Fatar ta tashi bayan mako biyar, kafin biki. Yaya Kaltume har gobe ta tsaya a kan cewa manta ne ya tsayar da fizgar, allura ce ta kawo saukar, kuma na daina jayayya da ita. A gindin bishiya an yi wata uku ana tashi tsaye ana kwaikwayona, haɓa a sama, hannu na lalube, Haj Musa ne shugaba. Ban hana su ba, don ni na koya musu sana'ar.

Yanzu duk bayan wata uku ko huɗu ina komawa wurin likita, kuma Ustaz ne ke raka ni. Yana zama a ɗakin jira, duk wanda ya gaishe mu sai ya nuna ni ya ce, "Surukina ne, allurar ido ya zo yi." Ni kuma in gyaɗa kai in ƙara da bayani tun ba a tambaye ni ba. Abin da na koya, a makare, shi ne in ka ɓoye ciwonka mutane ba sa zama haka nan, sai sun nemo wa abin da suka gani dalili, kuma wanda zuciyarsa ke da rauni kansa zai ɗora wa laifin. Ni dai tsoron dariyar mutum biyar masu shan shayi ya sa na kusa raba ɗana da matarsa, kuma dariyar da na guda an yi ta, har da mata a bayan zana.